Farin Ƙyalle Ba Ya Wanke Hannu

Ya ku 'yan makaranta, musamman na Talata Mafara da Bakura da Maradun, ku matso ku ji wata gardama da masu kuɗin ƙasashen Turawa su ke yi. In kun ji farkonta dariya za ku yi. Amma ku daure ku kai ƙarshen shafin nan, gama gardamar ta ƙetaro teku ta iso har ƙofar gidajenku, a nan kuwa ba ta tsaya ga abin dariya ba, har rayuka ta kan ci.

Ga yadda abin ya ke. Akwai waɗansu manyan jiragen ruwa waɗanda ba kayan fatauci su ke ɗauka ba, ba kuwa alhazai ba. Aikinsu yawon shan iska kurum. Mutum ya biya kuɗi ya shiga, jirgi ya yi ta kewaya tsibirai kwana bakwai ko goma, a ci, a sha, a yi wasanni, sa'an nan a komo da shi inda aka ɗauke shi. Girman jiragen nan ya wuce misali. Akwai wani mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara aiki cikin watan Janairu na 2024, tsawonsa mita 365, watau ya fi filin ƙwallo uku in an jera su. Yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Gari guda ke nan a bisa ruwa.

A cikin kowane jirgi irin wannan akwai babban ɗakin cin abinci. Al'adarsu tun dā ita ce, in dare ya yi a shimfiɗa wa kowane tebur farin ƙyalle wankakke, gogagge, a jera wuƙaƙe da cokula da kofuna na gilashi, fasinja su sa tufafin ado su zo su zauna, boyi-boyi na kai da kawowa. To, a ƙarshen 2013 wani babban kamfanin jiragen nan mai suna Carnival ya soma wani sabon tsari, ya kwashe ƙyallen nan daga tebura a yawancin darare, ya bar shi sai daren da aka keɓe don ado. Kai, sai ka ce an taɓa gidan rina! Waɗansu fasinja suka ce daraja ta faɗi, an mai da ɗakin cin abinci kamar rumfar mai shayi, kamfani kuwa tsimin kuɗin wanki kawai ya ke yi. Waɗansu suka ce zamani ne, kuma me ƙyalle ya ƙara wa miya? Shekaru sun wuce, masu shiga jiragen ba su gama wannan musu ba.

Ni dai hukuncina gajere ne. Duk wanda ya auna darajar cin abinci da ƙyallen da ke bisa tebur, ya bar jaki yana dukan taiki. Zan gaya muku dalili, in kun ga na yi kuskure ku kawo hujjarku.

Da farko ku tambayi kanku, mene ne asalin ƙyallen nan? Shekaru ɗari biyar ko shida da suka wuce, manyan Ingila da Faransa da hannu su ke cin abinci kamar yadda kakanku ya ke ci. Su kan ɗora nama bisa wani busasshen burodi mai faɗi a maimakon faranti, su yanka da wuƙa, su kai baki da yatsu. In maiƙo ya ɓata hannu, sai a goge a gefen ƙyallen tebur, shi ya sa a ke barinsa ya zubo har bisa cinya. Ashe ƙyallen da a ke yi wa kuka yau, tsumman goge hannu ne na taron jama'a. Cokali mai yatsu kuwa bai zama ruwan dare a Ingila ba sai bayan 1600. Wani matafiyi Bature, Thomas Coryat, ya gan shi a Italiya, ya ba da labarinsa cikin littafin da ya buga a 1611, da ya koma gida yana ci da shi abokansa suka yi ta yi masa ba'a. Ku lura fa, a lokacin nan Ingila na da sarauta, da alƙalai, da jami'o'i irin su Okusfod. Da cin abinci da hannu jahilci ne, da malaman Okusfod na zamanin nan duk jahilai ne.

Na biyu, a bisa teku ƙyallen nan ya daɗe yana aikin shinge, yana raba mai shi da marar shi. Kun sha jin labarin Titanic, jirgin da ya nutse cikin watan Afrilu na 1912, mutum wajen 1,500 suka halaka. A benayensa na sama attajirai na cin abinci kala-kala cikin ɗakuna kamar fada. A can ƙasa akwai talakawa wajen 700 masu tikitin daraja ta uku, bahon wanka biyu rak aka yi musu. Kamfanin da ya iya wanke dubban ƙyallaye don attajirai, bai iya ƙara wa talakawa wurin wanka ba.

Kada ku ce wannan labarin nesa ne. Kafin jirgin sama ya yawaita, duk mai zuwa Ingila daga ƙasarmu ta teku ya ke bi. Ta nan Sarkin Musulmi Hasan, da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, da Sarkin Gwandu Usman suka bi a 1934. Jiragen kamfanin Elder Dempster su ne ke kai da kawowa tsakanin Ikko da Libaful, tafiyar kamar mako biyu. Daga cikinsu akwai Accra, da Apapa, da Aureol wanda ya fara aiki a 1951 ya daina a 1974. A cikin jiragen nan akwai ɗakin cin abinci mai farin ƙyalle don Turawan mulki da 'yan kasuwarsu da 'yan tsirarun manyan baƙar fata. Talakan Afirka da ke tafiya daga wannan tasha zuwa waccan a bakin teku kuwa, a sararin jirgi ya ke shimfiɗa tabarmarsa, da guzurinsa, rana ta doke shi, ruwa ya doke shi. Su wa ke aikin wahalar jirgin? 'Yan Afirka. A 1959 ma'aikata 'yan Nijeriya na jirgin Apapa suka ajiye aiki a Libaful don nuna musu bambancin launin fata da a ke yi, har aka naɗa kwamitin bincike.

In kuwa kuna tsammani iya riƙe wuƙa da cokali shi ke sa a girmama mutum, ku ji abin da ya faru a Ikko a 1947. Wani babban ma'aikaci na Ofishin Mulkin Mallaka na Landan, Ivor Cummings, ya zo aiki. Ubansa likita ne mutumin Saliyo, uwarsa Baturiya, a Ingila aka haife shi. Babu wata ƙa'idar tebur da za a koya masa. Duk da haka otal ɗin Bristol ya hana shi ɗaki saboda launin fatarsa. Gari ya ɗauka, jaridu suka yi ca, tilas Gwamna Sir Arthur Richards ya tsoma baki. Mutuncin da aka samu bayan wannan, tsayawar jama'a ce ta kawo shi. Iya cin abinci irin na Turawa bai hana a wulakanta Cummings ba.

Na uku, wannan kuwa shi ne babba. Mu tambayi waɗanda aikinsu ke nan su auna ɗakunan cin abinci na jiragen nan, me su ke dubawa? Tun 1975 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta kafa tsarin duba tsabtar jiragen da ke tsayawa a tashoshin ƙasarta. Ma'aikatanta su kan hau jirgi ba sanarwa, su ba da maki bisa ɗari, jirgin da bai kai 86 ba ya faɗi. Su kan auna ruwan sha su ga ko maganin kashe ƙwayoyin cuta ya isa a cikinsa. Su kan soka ma'auni cikin nama su ga ko zafinsa ya kai, su buɗe firji su ga ko sanyinsa ya kai. Su kan leƙa ƙarƙashin murhu neman kyankyaso, su duba ko kuku na da wurin wanke hannu kusa da shi, da sabulu, su bincika ko an bar ma'aikaci mai ciwon ciki yana taɓa abinci. Jirgi ba ya cin jarrabawar nan don yana da ƙyalle, ba ya faɗuwa don ba shi da shi.

Me ya sa su ke wannan wahala? Don abin da masu jiragen su ke tsoro fiye da hadari a teku, shi ne wata 'yar ƙwayar cuta da likitoci ke kira norobairus, mai sa amai da gudawa. Daga bayan gida ta ke zuwa hannu, daga hannu zuwa marfin ƙofa, ko cokalin zuba abinci, daga nan sai baki. Cikin watan Janairu na 2014 ta kwantar da mutum kusan 700 a jirgin Explorer of the Seas, tilas aka katse tafiya aka koma gida. In kun ce wannan jirgin gama-gari ne, to, ga Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, wanda ya yi suna wajen riƙon tsohuwar al'ada, inda har yanzu darajar ɗakin kwananka ita ke nuna ɗakin da za ka ci abinci, tebura kuwa fari fat. Cikin watan Maris na 2025 cutar nan ta kama fiye da mutum 200 a cikinsa. Ƙwayar cuta ba ta san guga ba, ba ta jin kunyar kwat. Ko man nan mai sinadari da a ke shafawa a hannu bai cika kashe wannan ƙwaya ba. Abin da likitoci suka ce a yi shi ne abin da uwarka ta ke faɗa maka tun kana rarrafe, je ka wanke hannunka, sai dai su sun ƙara da cewa da sabulu, a cuɗa kamar daƙiƙa 20.

To, yanzu mu baro teku mu komo gida, gama don gida na ɗauko zancen.

Ku dubi yadda bukukuwanmu suka koma. In mai hali zai aurar da 'yarsa, ko an yi wa wani naɗi, sai a kafa rumfuna, a yi hayar tebura da kujeru, a lulluɓe kowane tebur da ƙyalle mai sheƙi, a ɗaura wa kowace kujera ɗamara kamar amarya. An kashe kuɗi masu yawa a kan wannan. Sa'an nan a kawo shinkafa da aka dafa tun da asuba, ta wuni cikin roba a rana. Baƙi ɗari uku sun gaisa hannu da hannu, sun ƙirga kuɗi, sun riƙe sitiyari da kan babur. Ka duba gabas ka duba yamma, ba buta, ba sabulu. Cokalin roba ya karye a nama, sai kowa ya sa hannu. Kashegari in ciki ya ɗauri mutane sai a ce sammu ne, ko iska. Wannan kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, gama ko sabulun ba a saya ba.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne abin da na ke gani ga waɗansunku. Yaro ya yi aji uku ko huɗu a makarantar kwana, ya ci abinci bisa benci da cokali, ya ga hotunan otal a waya. In ya komo hutu sai ya ga ubansa zaune bisa tabarma a zaure, akushi a gabansa, yana yanka loma da hannu, sai kunya ta kama shi. In ya zo da aboki ɗan birni, ba ya so a gan su nan. Ya ce a kai masa nasa ɗaki, a sa masa cokali, wai shi ya waye. Haba yaro! Wa ya gaya maka gidanku ba shi da ƙa'idar cin abinci?

Bari in ƙirga maka, ko ka manta. Ba a fara ci sai an wanke hannu an yi bisimilla. Da dama a ke ci. Kowa ya ci gabansa, ba a ƙetare wa zuwa gaban wani. Yaro ba ya riga babba sa hannu, ba ya kai hannu ga nama sai an ba shi. Ba a cika baki da loma ana magana, ba a kallon bakin mai ci. Abinci ba ya fitowa daga cikin gida sai an rufe shi da faifai. In baƙo ya yi sallama ana ci, ko ba a san shi ba, sai a ce masa bisimilla, a matsa masa wuri. In an ƙoshi a rage wa yara da almajiri, a gode wa Allah, a sa wa mai girki albarka. Ga kuma ciyayya, inda magidanta ke fito da kwanukansu ƙofar gida bayan magariba, mai miyar nama da mai miyar kuka tsura su haɗa su ci tare, ba wanda zai san na wa ya fi. Ka nuna mini jirgin ruwa guda a duniya inda mai tikitin daraja ta ɗaya ya ke sa hannu cikin kwano ɗaya da mai wanke masa faranti. A wajen girmama abokin ci, zauren ubanka ya fi ɗakin Cunard nesa ba kusa ba.

Ka tuna kuma daga ina tuwon ya fito. Madatsar ruwa ta Bakolori da ke kan gulbin Sakkwato kusa da Maradun, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina aka gama a 1978, ita ke shayar da gonakin shinkafa na ƙasar Mafara da Bakura da Maradun. Ba a banza aka same ta ba. An tashi ƙauyuka, gonaki sun nutse, cikin watan Afrilu na 1980 kuwa 'yan sanda suka buɗe wa manoma masu neman diyyarsu wuta, aka kashe mutane. Hannun nan mai kaushi da ka ke jin kunyar a ga yana yanka loma, shi ya dasa shinkafar, shi ya biya kuɗin makarantarka. In ilminka bai koya maka girmama shi ba, a mai da wa ubanka kuɗinsa.

Amma kada dattawa su yi saurin yi mini tafi, gama yanzu zan juyo kansu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Cikin al'adarmu akwai abubuwan da ke kashe mu, kuma wanda ya ɓoye su don kishin gargajiya, shi da mai bautar ƙyalle duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Babbansu shi ne kwanon wanke hannu na taro. A kawo ruwa cikin kwano guda, babba ya tsoma, na biye ya tsoma, har a kai kan ƙaramin yaro, wanda ya fi kowa raunin jiki, shi zai wanke cikin dauɗar mutum takwas. Wannan raba cuta ne da adalci, kowa ya sami rabonsa. Abin mamaki, muna da buta a kowane gida, mun san yadda a ke zuba ruwa a hannu ya zube ƙasa, kullum muna yi sau biyar. Me ya hana mu yi haka a bakin akushi? Sai kuma randa da moɗa guda, kowa ya sha ya mayar, yaro ya ɗauko ta daga ƙasa ya tsoma. Sai tallan abinci a buɗe ran kasuwa, ƙuda ya tashi daga juji ya sauka kan ƙosai. Sai bayan gida a fili kusa da rijiya ko bakin hanyar ruwa, damina ta zo ta kwashe ta zuba inda a ke ɗiba.

Sakamakon wannan ba ɓoyayye ba ne. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Zamfara kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Hanyar kwalara ita ce hanyar cutar jiragen nan, daga bayan gida zuwa ruwa da hannu, daga nan zuwa baki. Turawa ma da wahala suka gane haka. A 1854 kwalara ta kashe fiye da mutum 600 a wata unguwa ta Landan, sai wani likita, John Snow, ya bi gida gida yana ƙirga mamata, ya gane yawancinsu famfo ɗaya su ke sha, ya sa aka cire hannun famfon. Abin da ya kamata mu kwaikwaya daga Turawa ke nan, bin sawun cuta har a kama ta. Mu kuwa sai muka kwaikwayi ƙyalle.

Akwai kuma darasin da jiharku ta biya da tsada. A 2010 aka gane gubar dalma na kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara aƙalla 400 suka rasu. Dalili shi ne ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka su ana niƙa su, ƙurar mai guba ta bi tsakar gida, yara na wasa a ƙasa suna kai hannu baki. Kafin likitocin ƙungiyar MSF su iya yi wa yaro magani ya ɗore, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidajen aka zubo sabuwa. Ku riƙe wannan da kyau. Mu da mu ke ci a ƙasa, tsakar gida ita ce teburinmu, tabarma ita ce ƙyallenmu. Wanda ya zaɓi ci a ƙasa, tsabtar ƙasar ta zama wajibi a kansa fiye da mai tebur.

Na san wani zai ce, Malam, watau kana hana mu tebur da cokali ke nan? Ko kusa. Ku koyi riƙe wuƙa da cokali sarai, gama wata rana aiki zai kai waninku Abuja, ko Jidda, ko Landan, kuma ba kyau baƙo ya jahilci al'adar masu masaukinsa. Koyonsa ba ya cin mako guda. A wurin da ba ruwa ma, cokali mai tsabta ya fi hannu marar tsabta, wannan ba musu. Mai son ya shimfiɗa ƙyalle a teburinsa ya shimfiɗa, ado ne, ado kuwa ba laifi ba ne in an gama da wajibi. Abin da na ke yaƙi da shi, a ɗauki ado a ba shi matsayin wajibi, a raina wanda ba shi da shi, a kuma yi sakaci da abin da ke tsare rai. Fankam fankam ba shi ne kilishi ba.

Wani kuma zai ce sabulu kuɗi ne, talaka ina ya gan shi? Gaskiya ne zamani ya yi tsanani. Amma kuɗin hayar ƙyallaye da ɗamarar kujeru na biki guda ya isa a sayi sabulun da baƙin duka za su wanke hannu, har a yi saura. Gidan da ba sabulu kuwa akwai toka a murhu, ta fi ruwa tsura. Masu bincike sun nuna wanke hannu da sabulu na rage gudawa da kamar kashi ɗaya cikin uku. Ku gwada kuɗin sabulu da kuɗin ƙarin ruwa a asibiti, ku ga wanne ya fi arha. Riga-kafi ya fi magani.

Saboda haka ga ma'aunin da na ke ba ku, ku auna kowane wurin cin abinci da shi, ko jirgin ruwa ne, ko otal a Gusau, ko ɗakin cin abinci na makarantarku, ko zauren gidanku. Ruwan da za a sha, daga ina ya fito, a cikin me aka ajiye shi? Mai dafawa da mai ci sun wanke hannu da ruwa mai zuba da sabulu? Abincin da zafinsa ya zo, a rufe? Wurin da aka ajiye shi sharartacce ne, nesa da juji da makewayi? Wanda ya dafa da wanda ya kawo, an gode musu, sun sami nasu rabo? Wurin da ya amsa waɗannan, ko bisa buzu a ke ci, ya ci jarrabawa. Wurin da ya kasa, ko da alharini aka lulluɓe teburinsa, ya faɗi.

Aiki kuwa a hannunku ya ke, ba sai kun jira gwamnati ba. Ku shugabannin ɗalibai, ku je wurin hedimasta da ladabi ku roƙa a sa ruwa da sabulu a ƙofar ɗakin cin abinci. In ba famfo, ku sami jarka ku huda ta kusa da wuya, ku rataye ta a sanda, ku ɗaura mata igiya da ɗan itace a ƙasa, wanda ya taka itacen jarka ta sunkuya ruwa ya zubo, ba wanda ya taɓa ta da hannu. Ku sa mutum guda ya tsaya nan kullum kamar yadda a ke tsayawa duba farce da aski. In kun koma gida hutu, kada ku tsaya kuna yi wa iyayenku lacca da Turanci, ba za su ji ba, kuma rashin kunya ne. In an fito da tuwo, kai yaro tashi ka ɗauko buta da sabulu da kwanon tarar ruwa, ka durƙusa gaban mahaifinka ka zuba masa, sa'an nan ka bi sauran bi da bi har kan autan gida. Babu dattijon da zai ƙi wannan, gama girmamawa ce, albarka ma zai sa maka. Ke kuma yarinya, ki sami moɗa mai dogon hannu ki rataye ta a bakin randa, ki ware kofin sha dabam, ki ga ba a bar kwano a buɗe ba. Da kun gama, ku zauna bisa tabarmar nan ku ci tare da su, in kuna da baƙo ɗan birni ku matsa masa wuri.

Masu jiragen ruwa su ci gaba da musunsu, ƙyalle ya dawo ko kada ya dawo, kuɗinsu ne. Mu namu musun a kan ran ƙannenmu ne, damina kuwa ba ta jiran kowa. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya tsare mu da cutar zamani da ta jiki, amin.